Babur ɗin Malam Datti a Hanyar Kahu

Jabiru yana kan keken ɗinki a shagonsa na cikin garin Rano, ya duƙufa a kan wuyan wata riga da mai ita ya rantse da ita zai je Juma'a, sai wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, Afra'u. Ba ta saba kiransa da hantsi ba, balle yanzu da cikinta ya tsufa ta koma yawan barci, saboda haka ya yi saurin ɗauka.

"Lafiya dai?"

"Lafiya lau, ba ni ba ce. Baba ne. Yana asibiti wajen masu duba ido, sun ɗiga masa magani, wai ba zai iya tuƙa babur ya koma Kahu ba. Don Allah ka je ka mayar da shi gida."

Jabiru ya ɗage ƙafa daga keken, ya yi shiru. Bai cika shekara da auren Afra'u ba, kuma duk abin da ya taɓa haɗa shi da mahaifinta, Malam Datti, bai wuce gaisuwa ba. Tun daga bakin zaure yake cire takalmi, ya durƙusa kansa a ƙasa, a tambayi gida, a tambayi aiki, a tambayi damina, ya miƙe ya fita da baya-baya. Ko ƙwayar idon tsohon bai taɓa kallo ba. Yau kuma an ce ya goya shi a babur tun daga Rano har Kahu.

"Ka yi shiru," in ji Afra'u. "Ka san Yaya Zakiyyu yana Fatakwal. In ba kai ba wa zan aika?"

"Ai ban ce komai ba. Ga ni nan."

Ya same shi a gindin wata darbejiya a harabar asibitin, ya ja hula ta rufe goshi, ya kare fuska da tafin hannu saboda hasken rana. Dogon mutum ne siriri, gemunsa fari fat. Jabiru ya durƙusa ya gaishe shi, ya amsa da sakin fuska, ya ce an ɗauke shi daga kan aikinsa, Allah ya yi albarka.

Babur ɗin na jingine a gefe. Duk Kahu an san shi, don da shi Malam Datti ya ci kasuwannin ƙasar nan kaf, in an gama aikin gona ya ɗaura buhun gyaɗa ko na dawa a baya ya kama hanya. Fentin tankin ya koɗe, an sake wa kujerar fata, an ƙara wa mazaunin kaya tsawo da walda. Ƙarfen da ake bugawa da ƙafa a tayar da inji kuwa an naɗe shi an ɗaure da roba.

"Kar ka wahalar da ƙafarka da wannan," in ji Malam Datti da ya ji Jabiru yana taɓa robar. "Haƙoransa sun cinye tuntuni, zamewa kawai yake. Murɗa makulli ka danna masa maɓalli, batir ne ke tashinsa. Birkin hannu kuma na ado ne, da ƙafa za ka riƙa takawa."

"To, Baba."

Jabiru ba shi da babur, a na abokai ya koyi tuƙi. Ya hau ya matsa gaba har ya kusa zama a kan tanki. Malam Datti ya hau can baya ya riƙe ƙarfen mazaunin kaya. Filin da ya rage a tsakaninsu zai ɗauki buhu guda. Haka suka fita daga gari.

Ƙarshen damina ne. Gero ya yi kai ya sunkuyar, dawa ta fi mutum tsayi, duwatsun nan na Rano sun yi baƙi sun yi sheƙi saboda ruwan da aka kwana yi. Jabiru bai ga ko ɗaya ba. Hankalinsa na kan ramukan hanya, kar ya faɗa wani tsohon ya ce mijin 'yarsa bai iya komai ba sai zare da allura. Suka wuce Kibiya lafiya, suka sauka daga kwalta suka kama jar hanya.

Akwai wata gangara da ke sauka zuwa ƙorama, a ƙasanta wasu shanu sun tare hanya suna shan ruwa. Jabiru ya taka birki. Ƙafarsa ta tafi ƙasa sululu, ba abin da ya tare ta. Ya sake takawa. Ya damƙe na hannu, babur ko a jikinsa, sai ma ƙara gudu da yake yi.

"Innalillahi! Baba, birki ya ƙi!"

"Rage giya," in ji tsohon, muryarsa ko rawa ba ta yi. "Rage. Ƙara ragewa. Me ke gabanmu?"

"Shanu!"

"Dama fa?"

"Gonar gyaɗa!"

"Shiga."

Sai ga hannaye biyu sun zagayo sun rungume Jabiru ta ciki. Ya karya kan babur ya afka gonar. Ƙasar ta jiƙa ta yi laushi, babur ya yi tsalle a kan kunya ta fari, ya yi a ta gaba, ya nutse a ta gabanta, inji ya mutu, sannan ya kwanta da su a hankali cikin ganyen gyaɗa.

Jabiru ya zabura ya janye ƙafarsa. "Baba! Baba, kun ji ciwo? Wayyo Allah, ku yafe mini."

Malam Datti ya tashi zaune, laka a kafaɗa da gefen gemu. Ya motsa ƙafa, ya motsa hannu, ya murza wuya. "Ba abin da ya karye. Kai fa?"

"Ni lafiyata ƙalau."

"To alhamdulillahi. Gonar wa muka shiga ba sallama?" Ya yi 'yar dariya, ya shafa kansa ya ji ba hula. Ya shiga lalube a cikin ganye, gaba, dama, gaba kuma. Hular tana nan dab da gwiwarsa ta hagu, farar hula a kan koren ganye, ko yaro zai hango ta daga hanya. Jabiru ya tsaya yana kallon hannun yana kewaye ta. Sai ya sunkuya ya ɗauka, ya karkaɗe, ya miƙa da hannu biyu. Ya ce a ransa maganin da aka ɗiga ne.

Suka ɗaga babur tare, suka turo shi gindin wata ɗorawa a bakin hanya, suka kafa shi a kan ƙafafunsa na tsakiya har tayar baya ta ɗaga. Jabiru ya ce bari ya koma Kibiya a ƙafa ya samo makaniki.

"Ka je Kibiya ka dawo a wannan rana? Zauna. Wannan babur tun da na saye shi hannun wani bai taɓa shiga cikinsa ba, in ban da mai walda."

Malam Datti ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna. Ya dafa abin taka birki, ya danna, ya ji ya tafi ba nauyi. Ya bi wata siririyar sandar ƙarfe da yatsu tun daga nan har tayar baya, ya tsaya a ƙarshenta yana murzawa.

"Ka gani? Sandar nan ita ke jan birki in ka taka. Da akwai noti a bakinta, shi ke riƙe ta. Ya kwance ya faɗi, ita kuma ta zare. Shi ke nan ciwon."

Jabiru ya hau gangarar yana duba ƙasa, ya sauko yana dubawa. Tsakuwa ce ko'ina, kowace kuma kama take da noti. Ya dawo hannu wofi, gumi ya jiƙa masa riga.

"Bar shi, ya zama rabon hanya," in ji Malam Datti. "Ɗaga kujera, akwai wata tsohuwar safa."

A cikin safar akwai sifana biyu, filaya, da guntayen robar tayar keke. Tsohon ya ce ya zagaya baya ya dubi notin da ke riƙe da lambar babur, bakinsu ɗaya da wanda ya ɓata. Jabiru ya sa sifana ya murɗa, noti ya ce bai san zancen ba. Tsatsa ta haɗe shi da ƙarfen. Ya ƙara ƙarfi, sifana ta zame, ya ƙuje ɗan yatsa.

"A'a, ba da faɗa ba. Zaro sandar gwada baƙin mai, ka ɗiga masa. Ka bar shi ya sha."

Suka zauna suna jiran noti ya sha mai. Wani mai babur ya zo wucewa da ɗaurin ciyawa, ya tsaya ya yi sannu, ya tambaya ko a taimaka. Malam Datti ya yi godiya ya ce sun kusa gamawa, mutumin ya wuce. Can Jabiru ya sake sa sifana. Sai ya ji tafin hannun tsohon ya sauka a kan nasa, busasshe mai kaushi kamar ɓawon itace.

"Fara ɗaure shi tukuna, kaɗan. Yauwa. Yanzu dawo da shi. Ka ji ya yi ƙara? Ya sallama."

Noti ya kwance. Suka ɗaure lambar da roba. Malam Datti ya karɓi notin ya ce shi zai ɗaura, ya mayar da sandar cikin gurbinta, ya kai noti bakinta. Ya murɗa, bai kama ba. Ya sake, ya karkace. Ya matso da fuska har gemunsa na taɓa taya, ya juya kai gefe yana neman inda zai gani, noti ya suɓuce ya faɗi cikin ciyawa.

Jabiru ya tsince shi. Ya tsuguna kusa da shi, ya goge bakin sandar da gefen rigarsa, ya saita noti da yatsu biyu kamar mai zura zare, ya murɗa a hankali. Ya shige sumul.

"Hannun tela," in ji Malam Datti. "Ci gaba da ɗaurewa. Ni zan juya taya, kai ka taka."

Ya juya taya, Jabiru ya taka, ta ci gaba da juyawa. Aka ƙara ɗaurewa. Ya juya, ya kasa kunne, ya ce ya yi yawa, tana goga tun ba a taka ba, a sassauta. Suka yi ta yi, ɗaure, sassauta, har aka kai inda taya ke gudu ba ƙara, da an taka kuma ta tsaya cak. Tsohon ya ce a naɗe bayan notin da roba tamau don kar ya sake guduwa. Ya ce tunda hannu ya riga ya ɓaci, a ja wayar birkin hannu ma, ya daina zaman ado. Suka ja ta da filaya suka ɗaure.

Rana ta karkata, azahar ta yi. Shanun sun daɗe da tafiya. Jabiru ya gangara ƙorama da wata gorar roba da ya gani rataye a babur, ya ɗebo ruwa, suka yi alwala. Malam Datti ya miƙe ya zare rawanin da ke wuyansa ya shimfiɗa, ya tsaya yana juyawa.

"Jabiru, saita ni gabas."

Jabiru ya kama gefen hannun rigarsa da yatsu ya juya shi. Tsohon ya ja su sallah.

Suna idarwa sai ga wata Bafulatana ta fito daga hanyar gona da ƙwarya a ka. Malam Datti ya ji ƙarar mundayenta ya kira ta, ya ce ta dama musu fura, a sa nono da yawa. Ta dama, ta ba su a ƙaramar ƙwarya da ludayi biyu, ta koma gefe ta zauna jira. Tsohon ya yi bismillah ya fara sha. Jabiru ya zauna ya ba da gefe, yana wasa da sifana. Tun kokon safe ba abin da ya shiga cikinsa, amma ina zai iya buɗe baki ya sha fura a gaban suruki?

"Ban ji ludayinka ba."

"Na ƙoshi, Baba."

"Cikinka da yake ƙugi tun muna sujada? Sha abinka. In don kar in gan ka ne, ka kwantar da hankali, ba na ganinka."

Jabiru ya yi murmushi ya ɗauki ludayi, yana zaton wasa ne. Ya sha ɗaya, ya sha biyu. Da ya ɗago ya saci kallon tsohon, sai ya ga ba dariya a fuskarsa.

Sai da Bafulatanar ta karɓi ƙwaryarta ta yi nisa sannan Malam Datti ya yi magana.

"Kullum da asuba kafin in hau babur ɗin nan sai na zagaya shi na dube shi. Notin nan ba yau ya fara kwancewa ba. Da idona ne da na gani." Ya share gemu. "Na ɗauka yanar ido ce, irin wadda ake kankarewa mutum ya koma gani garau. Likita ya ce ba ita ba ce. Wai jijiyar idon ce take mutuwa a hankali. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kuma kamar mai leƙe ta cikin kara nake, abin da ke tsakiya kawai, gefe duhu. Ya ba ni maganin ɗigawa safe da yamma, ya ce zai riƙe abin da ya rage in Allah ya so, amma wanda ya tafi ya tafi."

Jabiru ya ajiye sifana. "Allah ya ba da lafiya, Baba. Allah ya sa kaffara ne."

"Amin. Ya tambaye ni wa ya kawo ni, na ce ni na kawo kaina a babur. Sai ya ajiye abin rubutunsa ya dube ni. Yaro ne, bai fi Zakiyyu ba. Ya ce, Baba, don girman Allah kar ka sake. Ba yau kaɗai ba, har abada." Ya miƙa hannu ya dafa tankin babur. "Na ce masa ai hanyar a kaina take, na san kowane rami. Ya ce, ka san yaron da zai gilma?"

Wata kurciya na ta kuka a saman ɗorawar.

"Kun gaya wa Inna?" in ji Jabiru, yana nufin Hansatu, mahaifiyar Afra'u.

"Ban gaya wa kowa ba. Ta dai lura ina tuntuɓe da buta, tana cewa tsufa ne. Kai ne na farko, ban kuma shirya haka ba. Tashi mu tafi, kar ta fara leƙen hanya."

Jabiru ya sauke babur, ya hau, ya kai hannu zai murɗa makulli, sai ya tarar a murɗe yake. Tun faɗuwarsu bai kashe ba. Ya leƙa gaba, fitila a kunne take, ta koma ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa, hasken rana ne ya hana shi lura. Ya danna maɓalli. Wani ɗan ƙas ya ji, shi ke nan. Ya sake dannawa, ko ƙas ɗin babu.

"Baba," ya ce da ƙaramar murya, "na bar makulli a buɗe. Batir ya mutu."

Ya jira faɗa. Malam Datti ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. "Fitilar ni na kunna ta da asuba na manta. Kai ka bar makulli, ni na bar fitila, shi kuma batir dama ya tsufa. Kashe fitilar. Turawa za mu yi. Zauna, ka sa shi a giya ta biyu, ka riƙe kuloci, in tura ka."

Jabiru ya diro kamar an tsikare shi. "Wallahi Baba ba zan zauna ku tura ni ba."

"To ya za a yi?"

Jabiru ya ce shi kaɗai zai iya. Suka haye ƙoramar, suka samu inda hanya ta miƙe ta yi ɗan gangare. Jabiru ya kama kan babur ya ruga da shi, ya yi tsalle ya hau, ya saki kuloci, taya ta ja ƙasa ta tsaya, saura kaɗan ya kifa. Ya sake gwadawa, haka. Ya sake, takalminsa ya fita. Ya tsaya yana haki, hannu a gwiwa.

Malam Datti ya tako a hankali har ya dafa kujera. "Ba laifinka ba ne, sai an san halinsa. Akwai lokacin da ake saki, akwai yadda ake danna shi da nauyin jiki. Ni in hau, kai ka tura."

"Baba, likita fa ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. Dubi hanya ka faɗa mini gaskiya. Akwai mutum? Akwai dabba?"

Jabiru ya duba. Hanyar ta miƙe ɗoɗar tsakanin gonakin dawa, ba kowa, ba komai, har inda ido ya ƙare.

"Babu."

"To kai ne idona. In na karkace ka yi magana."

Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya ɗaga ƙafa ya hau. Yadda ya zauna ma daban ne, bayansa ya miƙe, hannayensa suka sami wurinsu ba lalube. Ya taka giya, ya riƙe kuloci. "Bismillah. Tura."

Jabiru ya dafa mazaunin kaya ya tura, ya ƙara gudu. Tsohon ya ɗan ɗaga jiki ya dawo da ƙarfi, ya saki. Inji ya yi tari ya yi shiru.

"Ya kusa. Kar ka tsaya, tura!"

Jabiru ya sunkuyar da kai ya ba shi iya ƙarfinsa. Inji ya yi tari, ya sake yi, sai ya kama da wata irin ƙara, hayaƙi ya bugi fuskar Jabiru, ƙarfen ya kuɓuce daga hannunsa ya faɗi a kan tafukansa. Da ya ɗago, babur ya yi gaba da Malam Datti a kai.

Ya miƙe ya bi shi a guje, ƙafa ɗaya ba takalmi. "Baba! Ka yi dama! Dama kaɗan! Yauwa, miƙe! Miƙe haka!" Bai ma san ya bar cewa ku ba.

Tsohon bai tsaya ba. Ya ƙara giya. Ba gudu yake sosai ba, amma iska ta cika rigar ta kumbura a bayansa, yana tafe tsakiyar hanya sak. Jabiru na biye yana ihu. Sai can wajen wata kuka ya ji birki ya yi ƙara, babur ya tsaya cak. Tsohon ya sauke ƙafa ɗaya, yana ɗan murza mai don kar inji ya mutu.

Jabiru ya iso yana haki. Malam Datti yana kallon gaba, fuskarsa a jiƙe, hawaye na bin gemu.

"Maganin nan nasu yana sa ido ruwa," ya ce. Ya goge da hannun riga. "Birkinka ya kama, Jabiru. Je ka ɗauko takalminka, ina riƙe da shi."

Da ya dawo, tsohon ya ja da baya ya bar masa gaba. Wannan karon bai kama ƙarfe ba, kafaɗar Jabiru ya dafa. Suna tafe yana gaya masa hanya tun kafin su kai: akwai rami bayan wannan kwana, bi ta hagu, nan gaba yashi ne, kar ka taka birki a ciki, gonar da za mu wuce yanzu ta mahaifina ce, nan na fara riƙe fartanya. Jabiru ya tambaye shi yaushe ya sayi babur ɗin, ya ce shekarar da aka yaye Afra'u, kuma a kan tankin nan ta yi wayo, in za shi kasuwa sai ta yi ta kuka sai an zagaya da ita bayan gari an dawo. Jabiru ya yi dariya, ya ce har yanzu in tana son abu haka take. Sai da maganar ta fita ya tuna da wa yake magana, ya ji kunya ta rufe shi. Tsohon ya bubbuga kafaɗarsa yana dariya.

La'asar ta yi sanyi suka shiga Kahu. Inna Hansatu na tsaye a bakin zaure da mayafi, ta gan su duk laka ta riƙe baki. Jabiru zai kashe babur ya sauka ya gaishe ta, Malam Datti ya riƙe masa hannu.

"Kar ka kashe, batir bai gama farfaɗowa ba. Gaishe ta a haka, ba za ta ci ka tara ba."

Jabiru dai ya kafa babur ya bar shi yana ƙugi, ya durƙusa ya gaishe ta. Ta shiga ciki da sauri ta ce bari ta ɗauro wa Afra'u kuka da daddawa. Tsohon ya matso ya rage murya.

"Ka koma da shi Rano. In ya kwana nan, gobe da asuba zan ji ƙafata tana ƙaiƙayi. Ka sai masa notin kirki, ka sa a duba batir. Ka riƙa kai Afra'u awo da shi. In ranar komawata asibiti ta zo, ka zo ka ɗauke ni."

"In sha Allahu, Baba."

"Uwarta ni zan gaya mata yau. Ita kuma Afra'u, kai ka san yadda za ka faɗa mata. Kar ka ɓoye, ba ta son a ɓoye mata abu."

Jabiru ya iso Rano ana shirin kiran magariba. Afra'u na zaune a tsakar gida tana tsince shinkafa, ta ji ƙarar babur ɗin da ta sani tun tana yarinya ya tsaya a ƙofar gida, ta ɗauka mahaifinta ne ya dawo. Da ta ga mijinta ya shigo shi kaɗai, riga duk baƙin mai, makulli a hannu, sai ta ajiye tiren.

"Me likita ya ce?"

Ya jawo tabarma ya zauna kusa da ita, ya faɗa mata yadda aka faɗa masa, bai rage ba bai ƙara ba. Ta yi kuka sosai, ya bar ta ta yi. Da ta lafa ya ba ta labarin gonar gyaɗa, da fura, da yadda ya bi Baba a guje da takalmi ɗaya yana ihu. Ta yi dariya da hawaye a fuska, ta ce ƙarya yake, shi da ko ɗaga kai ba ya yi a gaban Baba. Ya nuna mata tafukansa da suka ƙuje. Ta tashi da ƙyar ta ɗumama ruwa ta wanke masa.

Bayan an yanke dawa ta haihu, mace. Ranar suna Jabiru ya yi sammako ya je Kahu ya ɗauko tsohon. Aka miƙa masa jaririyar a ɗaki, ya ce akwai duhu, a fito da shi waje. Ya zauna a bakin ƙofa inda rana ke faɗowa, ya ɗaga ta daidai idonsa na dama, ya daɗe yana bin fuskarta kaɗan-kaɗan, goshi, hanci, baki. Mata suka yi ta tsokanarsa wai ya ga amarya ya rikice. Bai kula su ba. Sai da ya gama ya yi mata addu'a, ya miƙa wa Inna Hansatu, ya ce a kira masa Jabiru ya raka shi wajen maza.